Kiran da Dogo Ya Yi wa Yayarsa

Aikin Injiniya a kamfanin haƙa rijiyoyin burtsatse bai wuce kula da wayoyi ba. Ma'aikata kan shiga dajin da sabis ba ya kaiwa, shi ya sa aka ba kowace mota wayar tauraron ɗan'adam, mai kauri kamar bulo. Abin da direbobi ba su sani ba, duk kiran da aka yi da ita ana naɗe shi a kwamfutar Injiniya, a wani ɗan ɗaki bayan sito.

Ƙa'ida ita ce kar ya saurara sai in an yi haɗari. Amma zaman kaɗaici ya koya masa leƙe da kunne.

Wata Talata da hantsi ya ji muryar Dogo, direban babbar mota, mai barkwancin da ko gaisuwa sai ya sa ka dariya. Ranar babu wasa a bakinsa.

"Yaya, idona na hagu ya fara hazo. Jiya saura ƙiris in hau kan saniya. Don Allah ki bar shi a cikinki, ko uwar yara ban gaya wa ba."

Sai ya fashe da kuka.

Kwana biyu Injiniya yana juya maganar, yana tuna leburori shida da ke hawa bayan motar nan. A na uku ya shiga ofishin manaja.

"Ranka ya daɗe, da za a duba idon Dogo."

Ya zaci tabarau za a yanka masa, ko a mayar da shi sito. Mako bai zagayo ba aka sallami Dogo daga aiki.

Bayan shekara biyu suka yi kiciɓis a bakin tasha, Dogo na sayar da baƙin mai a jarkoki. Dogo ya rungume shi, ya kakkaɓe masa benci.

"Injiniya! Har yanzu kana gadin ɗakin nan naka mai kama da kabari?"

Suka yi dariya. Injiniya ya tambayi iyali, ya tambayi Yaya.

Fuskar Dogo ta canza. "Rabona da gidanta tun da aka kore ni. Ita kaɗai na gaya wa. Ta yi rantsuwa har ta gaji, amma in ba ita ba, wa?"

Injiniya ya so ya miƙe ya yi sallama, sai ya fasa.

"Ba ita ba ce. Ni ne. Wayar nan ana naɗar kiranta, ni na saurara."

Dogo ya daɗe yana goge mazurari da tsumma.

"Har kukan ka ji?"

"Na ji."

Bai zage shi ba. Ya rufe jarkokinsa, ya ce wa mai facin da ke kusa ya sa masa ido a kan kaya, ya tsallaka titi yana tsayar da mota zuwa unguwar yayarsa. Injiniya ya yi zaune a bencin, ba wanda ya ce masa ya tafi ko ya jira.