Ɗakin da Aka Gina wa Muryar Inna

Yayana Abdulgani ya yi shekara goma sha biyar yana haɗa sauti a gidan rediyo, har kunnensa ya zama na masu tsirfa. Shi ya ce zai ɗauki waƙoƙin mahaifiyarmu, Inna Delu. Ta koye su ne a bakin kakarta, wadda ta taso daga Katsina da ƙafa za ta Makka, tafiyar ta ƙare mata a garin nan namu. Duk unguwarmu ta Klémat babu wadda ta rage da waƙoƙin sai Inna.

Ya sa a gina masa ɗakin ɗaukar murya a filinsa na unguwar Goudji, ya yi tafiya. Magini kuwa ya yi abin da hannunsa ya saba, mita huɗu tsawo, huɗu faɗi, irin ɗakunan haya. Da Abdulgani ya dawo ya tafa hannu sau ɗaya a ciki, sai ya ɗaure fuska. Wai idan tsawo da faɗi suka zo ɗaya, ƙara kan taru wuri guda, murya ta riƙa gunji kamar a cikin randa.

Inna ta ce ita randar ma ta ishe ta. Ni ma na ce ya kawo waya mu ɗauka a tsakar gida. Ya dube ni kamar na zage shi, ya ce muryar Inna ta fi ƙarfin kukan awaki da babura.

"Ambakir, Inna," in ji shi da Larabcin garinmu, wato gobe. "Gobe kaɗai nake roƙo, kalas, shi ke nan."

Goben nan ta ci wata bakwai. Ya rushe bango ɗaya, ya ƙara mita ɗaya da rabi. Na tara masa kwalayen ƙwai ya manna a bango don su sha ƙara, ya ce ado ne kawai. Ya ɗinka buhunan auduga ya cusa a kusurwoyi, ya rataya labule masu kauri, ya shimfiɗa darduma biyu. Kullum da sauran abu ɗaya.

A wata na shida Inna ta faɗi a bakin murhu. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta tafi.

Duk da haka ya gama ɗakin, muka ɗauko ta muka zaunar a kujera. Gaskiya ɗakin ya yi. Ana rufe ƙofa Goudji ta ɓace, har haɗiyar yawunta ina ji. Ya matso mata da mikro, ya durƙusa, ya ce bismillah.

Ta buɗe baki. Karin waƙar ya fito daidai, bai karkace ba ko kaɗan, amma babu kalma ko ɗaya a cikinsa. Ta yi ta jan sa tana kallonmu, hawaye na bin kuncinta. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, kuma na yi niyyar faɗa masa magana mai zafi.

Sai ya juyo gare ni.

"Lauratu, ke da kike tare da ita kullum, kin riƙe baitukan?"

Shekara arba'in ina jin su ina wanke-wanke. Na lalubo, na lalubo. Biyu na samu, na biyun ma rabi.