Masuncin Kan Gada

Tela ne ya kawo mata maganar. Ya tsaya a bakin ƙofar falo da hula a hannu, kamar ɗalibin da ya makara.

"Malama, an ga Malam."

Ta sauke tabarau. Ƙuruciyarta duk a koyar da kimiyya ta ƙare, kuma har ta yi ritaya ba ta taɓa yarda da zancen da ya fara da "an ce" ko "an ga" ba.

"Wane Malam?"

"Namu. Naki. A kan gada, yana kamun kifinsa."

"Malam ɗin da kai da kanka ka yanka wa likkafani?"

Tela ya sosa ƙeya. "A cikin wasa nake nufi."

Wasan ta san shi, kamar yadda ake sanin maƙwabcin da ba a shiga gidansa. Bayan mijinta ya bar aikin jirgin ƙasa ya faɗa cikinsa. Wasan intanet ne, irin wanda kowa ke zaɓar abin da zai zama, mayaƙi ko matsafi ko ɗan kasuwa, a haɗu a gari guda da mutanen ko'ina, a yi shekaru ana rayuwa a ciki. Tela mayaƙi ne a can, da takobin da a zahiri ko ɗaga shi ba zai iya ba. Mai Kyamis na bakin titi maharbi ne. Malam kuwa, da aka ba shi duniya guda cike da dodanni, sai ya zaɓi ƙugiya da bakin ruwa.

Yanzu kamfanin ya ba da sanarwa: ƙarshen wata za a rufe. Mutane sun ragu, yaran zamani sun fi son wasan da za su gama kafin mota ta cika, sabon da aka yi ta yi musu alkawari ma an soke shi tun ba wanda ya ga ƙeyarsa.

"Abin da ake faɗa," in ji Tela, ya rage murya, "kamfanin ne ya kwashe halayensa ya zuba wa inji, don girmamawa. Ai kowa ya san shi a garin wasan."

"Kamfanin da ya kasa riƙe masu rai ne zai yi wa mamaci kara?"

"Ni dai da idona na gan shi."

"Idonka da ya ɗinka mini hannun riga ɗaya ya fi ɗaya."

Ya tafi yana dariya. Ita kuwa littafin da ke cinyarta bai ƙara gaba daga shafin da yake ba.

Washegari ta sa Mai Kyamis ya zo ya kunna kwamfutar Malam, wadda ke kan tebur a lungun falo, an lulluɓe ta da tsohon zanen gado. Ya ce ta shiga da sunan marigayin kawai. Ta ce a'a, ba a tsoma hannu cikin abin da ake aunawa. Sai ya buɗe mata sabon suna, ya jero mata matan wasan ta zaɓa. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan sulken me yake karewa?"

Ƙarshe ta zaɓi wani wada mai gemu har ciki.

Garin ya ba ta tausayi. Kasuwa ce mai faɗi, rumfuna a jere, babu mai saye. Tutoci na kaɗawa, wani kare na zagaya rijiya. Ta yi ta buga wadanta da bango kafin ta gane hanya, ta gangara ta bayan maƙera, sai ga ruwa, sai ga gada.

Yana zaune a tsakiyarta, ƙafafu a reto, da malafa da shuɗiyar riga. Yadda ya karkata kafaɗa ma aikin masu zane ne, ta san haka sarai. Duk da haka sai da ta dafe bakin teburin.

Ta rubuta masa sallama. Ya jefa ƙugiya, ya jira, ya ja.

Ta riƙa zuwa kullum da yamma, tana lura. Inji ba ya makara, wannan kuwa wani lokaci sai rana ta yi sanyi yake ɓullowa. Inji ba ya kuskure, wannan kifi na yi masa wayo. Mutum ne. Kuma mutanen da za su iya shiga da sunan Malam ba su da yawa, don lambar sirri ɗaya ya yi wa komai nasa, lambar tsohon babur ɗinsa, kuma duk 'ya'yansa sun haddace ta.

Ta san gwajin da za ta yi. Sai ta ƙi yi. Ita da ta sha tsawata wa ɗalibai kan tsoron sakamako, ga ta tana zaunar da wada kusa da masunci, tana sauraren ƙarar ruwa, shayinta na hucewa. Lokacin da yake raye ya sha ce mata, "Zo ki ga faɗuwar rana a nan." Ta kan ce akwai ta gaske a waje, kyauta. Yanzu ta gan ta. Ba laifi, sun iya.

Da wata ya kusa ƙarewa ta ɗauki waya, idonta a kan gada.

Ta fara da Auta. Ya ɗauka cikin hayaniyar titi, yana tsokanarta wai ta tuna da shi yau. Masunci ya jefa ƙugiya. Ta kira 'yarta, ma'aikaciyar jinya, ta same ta da jariri na tsala kuka a kafaɗa. Masunci ya ja kifi, ya sake jefawa.

Saura Babba, ɗan fari. Shi da ubansa gaisuwa ce kawai ke haɗa su, tun ranar da ya ce a gaban ƙannensa abin kunya ne dattijo ya zauna yana wasan yara. Daga ranar dai Malam ya daina kunna kwamfuta in Babba yana gidan. Ranar rasuwa Babba ne ya yi ta jigilar kujeru da tabarmi, ido a bushe, da aka watse ya koma bakin aikinsa a wani gari mai nisa.

Ta kira shi, waya ta fara ƙara. Igiyar ta motsa, ta miƙe, sandar ta lanƙwasa. Masunci bai ja ba.

"Mama, barka da yamma. Lafiya dai? Ina kan aiki ne."

"Kifinka ya kuɓuce."

Ƙarar ruwan nan tana jin ta sau biyu, ɗaya daga tebur, ɗaya a kunnenta.

"Ke ce wadan nan?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Mai karo da bango?"

"Ka iya bakinka. Uwarka ce."

Ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Ta bar shi har ya gama.

"Na shiga ne in rufe masa sunansa," ya ce. "Sai na tarar da gargaɗi. Dokarsu ce, gidan da mai shi ya daɗe bai leƙo ba, rushewa suke yi su ba wani filin. Na ce bari in riƙa leƙowa. Kifin kuma, ban san me ake yi a nan ba in ba shi ba."

"Yana da gida?"

"Ba ki gani ba? Biyo ni."

Masunci ya naɗe igiya ya miƙe, wada ya bi shi yana tuntuɓe. Gidan na ƙarshen gada, na katako, da baranda.

"Kowa da ɗakinsa, ya rubuta a ƙofa," in ji Babba. "Nawa ne ke kallon ruwa."

"Nawa fa?"

"Naki da nasa ɗaya ne. Ya cika shi da kantocin littattafai, ko wurin gado bai bari ba."

Ta shiga ta tsaya. Littattafan zane ne kawai, ba sa buɗuwa. Ta daɗe tana kallonsu.

"Ba a iya fitar da shi? A kwafe a ajiye?"

"Na tambaye su, Mama. Sai dai hoto."

"To ranar da za su rufe, kada ka zauna a ofis kai kaɗai. Ka zo gida, ka shiga ta kwamfutarsa. Ni na ga abin da zan gani, zan zauna a gefe."

"Zan zo."

Da safe Tela ya dawo, shi da Mai Kyamis, suka zauna a bakin kujera suna jiran hukunci.

"Malama, kin gan shi ko? Shi ne?"

Ta zuba musu shayi tukuna.

"Ba kamfani ba ne, ba inji ba ne," ta ce. "Babba ne yake shiga da sunan ubansa daga ofis. Malam ya rasu. Wasan kuma ƙarshen wata za a rufe shi, da gadar da gidan duka."