Gemun Baba Yohanna da Intanet ɗin Gwamnati

Sana'ata aski, kuma duk unguwar Makera babu gashin da ya tsone mini ido kamar gemun Baba Yohanna. Fari ne fat, ya sauko har ƙirji, idan zai sha koko sai ya tattare shi da hannun hagu. Kullum da safe yana zaune a bencin ƙofar shagona, ina kallon gemun, almakashi yana hannuna, ba halin taɓawa.

Gemun yana da tarihi. Baba ma'aikacin masaƙa ne a da. Ranar da aka rufe musu ƙofa, aka ce su je gida gwamnati za ta sake buɗewa nan ba da jimawa ba, ya rantse reza ba za ta hau haɓarsa ba sai ya ga gwamnati ta cika alkawari. Yaran da ke firamare a wancan lokacin, yanzu sun yi aure sun haihu. Shi kuwa gemu sai ci gaba yake yi, shi kaɗai ne aikin da na san bai taɓa tsayawa ba a unguwarmu.

Wata safiya rediyon shagona ya ce gwamnati tana shirin ba kowa intanet kyauta, ta iska, ƙasa baki ɗaya, birni da ƙauye. Benci ya ɗauki dariya.

Sunday mai faci ya ce, "Famfon layin nan fa tun ina saurayi yake tari, ko ɗigo bai taɓa zubarwa ba. Su fara da shi mana."

Wani ya tambayi wutar da za a caja wayar da ita. Baba Yohanna bai yi dariya ba, shafa gemu ya yi, ya jira kowa ya gama.

Ya ce da ni, "Ezekiel, kai ne shaida. Ranar da intanet ɗin gwamnati ya shiga wayar mutum ɗaya tak a layin nan, ka ɗauko rezarka ka aske ni a gaban jama'a. Tas, kamar ƙwai."

Na ce na ji, kuma a raina na ce Allah ya nuna mini ranar.

Bayan wasu makonni sai ga mota ta tsaya a ƙofar gidan Baba. Samari masu riguna ruwan ɗorawa suka kafa tsani, suka ɗaura wani farin akwati a jikin falwaya, da farantin sola a samansa. Ba su yi jawabi ba, ba su nemi mai unguwa ba, ko ruwa ba su sha ba. Suka ce gwaji ne, suka shiga mota suka tafi.

To mu a layinmu muna da doka. Tun da aka taɓa kafa mana fitilar sola, ɓarayi suka kwashe batir ɗin kafin babban baƙo ya zo yanka ƙyalle, muka yanke shawara: duk kayan da gwamnati ta kawo, a sauke shi a kai ɗakin shugaban kwamitin layi, a ajiye har ranar ƙaddamarwa. Kowa ya san kayan gwamnati ba ya fara aiki sai an kafa rumfa, an jera kujeru, an yi tafi. Shugaban kwamiti kuwa Baba Yohanna ne. Kafin ƙurar motar ta lafa, Sunday ya hau falwaya ya kwanto akwatin da farantinsa.

Baba ya ce kada a cire ko igiya ɗaya, yadda kayan ya zo haka za a mayar, kar a ce mutanen Makera ne suka lalata. Aka naɗe akwatin da tsohon zanin matarsa, Mama Comfort, aka ɗora a kan kabad. Farantin ya ƙi samun wuri a ɗaki. Mama ta zaro shi ta taga da igiyarsa, ta jingina shi a ƙofar madafa don ya tare mata kaji. Nan ne kuwa inda rana ta fi duka a tsakar gidan.

Muka zauna jiran rumfa. Rumfa ba ta zo ba, bakin Baba kuwa ya samu abin yi.

Mama Comfort ce ta fara lura. Tana tsince shinkafa sai wayarta ta hau ƙara, saƙonnin ƙungiyar zumuntar matan coci suna ta shigowa, alhali rabonta da sa data har ta manta. Ta kira wata ƙawarta, ita ma tana shiga gidan tata ta hau ƙara. Mama ta roƙe ta kada ta gaya wa kowa. Kafin sujadar Laraba a coci duk layi ya sani, ban da mutum ɗaya.

Akwai bishiyar mangwaro a jikin katangar Baba, dab da tagar ɗakinsa. Nan jama'a suka koma. Ɗalibai, teloli, masu keke da suka ajiye aiki, har wani Malam Abubakar mai nama yakan taso takanas daga Unguwar Mu'azu. Baba ya leƙo ya ga taro a ƙofar gidansa, sai ya ɗauka shi aka zo saurara. Ya fito da kujerarsa, ya yi wa bencina ƙaura.

Kai, ka ga abin dariya. Tsoho yana tsakiya yana kaɗa yatsa, yana cewa, "Ina intanet ɗin? Wa ya gan shi? Akwatin banza suka kawo, ko dutse aka sa a ciki wa ya sani!" Jama'a kuwa kowa ya sunkuyar da kai kan wayarsa, suna amsawa, "Haka ne, Baba. Gaskiya ne, Baba." Ya ce da ni yaran zamani sun fara hankali, dubi yadda suke sunkuyawa idan babba yana magana.

Ni ne shaida, ni ne mai reza, kuma bakina ya yi ta ƙaiƙayi. Mama Comfort ta tare ni a hanya.

Ta ce, "Ezekiel, idan ka buɗe bakin nan, mijin 'yar zumunta ko ɗaya ba zai sake zama a kujerarka ba. Ka ji ni?"

Na ji ta. Amma ba tsoronta kaɗai ya rufe mini baki ba. Tun da aka rufe masaƙa ban taɓa ganin Baba yana tafiya kafaɗa a miƙe kamar lokacin ba. Har guga yake sa a yi wa rigarsa kafin ya fito. Tausayinsa ya kama ni, kuma na ji haushin kaina da na ji tausayin.

Asiri ya tonu wata ranar Lahadi bayan an taso coci. Baba yana tsakiyar jawabi sai Mama Comfort ta fito da gudu, ɗankwali a hannu, tana rangaɗa guɗa. 'Yarsu Hope, wadda ke aure a Fatakwal, ta haihu, ga ta nan a waya ido da ido. Aka miƙa wa Baba. Ya ga jariri ja wur yana motsa baki. Hope ta ce namiji ne, kuma sunan kakansa za a sa masa.

Baba ya ƙura wa jaririn ido. Hawaye suka gangaro suka ɓace a cikin gemu. Ya yi ta kiran "Takwara, takwara," yana shafa gilashin wayar da yatsa. Can sai halin tsufa ya motsa.

Ya ce, "Comfort, kashe haka nan, datarki za ta ƙare."

Mama tana cikin murna, sai bakinta ya suɓuce ta ce, "Bar shi kawai, Baban Hope, ai na gwamnati ne."

Masu waya suka fara tura su aljihu a hankali. Baba ya dubi matarsa, ya dubi taron da ya ɗauka nasa ne, ya tashi ya shiga ɗaki. Ni da Sunday muka bi shi. Ya ɗaga zanin da ke kan kabad. Ga 'yar koriyar fitila tana ƙyaftawa a jikin akwatin, hankalinta kwance.

Sunday ya yi ƙasa da murya ya ce, "Baba, abin da ba a ƙaddamar ba ai bai fara aiki ba, kowa ya san wannan. Bari in zare igiyar, mu ce kuskure ne. Ba wanda zai ce uffan."

Baba ya dubi wayar da ke hannunsa. Jaririn yana hamma.

Ya ce, "Duk wanda ya taɓa igiyar nan, ni da shi ne. Ezekiel, je ka ɗauko kayan aikinka."

A gindin mangwaron na aske shi. Babu wuta, kamar kullum, don haka da almakashi na fara, na ƙarasa da reza. Shekara da shekaru ina mafarkin ranar nan, da ta zo kuma ko kaɗan ban ji daɗi ba. Farin gashi ya yi ta zuba a kan rigar cocinsa. Mama ta riƙe waya saitin fuskarsa, Hope tana kallo daga gadon asibiti tana dariya tana kuka.

Ta ce, "Baba, ashe kana da haɓa!"

Yana da ita, 'yar ƙarama, ta yi fari don rashin rana. Mutumin da ya fito daga ƙarƙashin gemun ya fi wanda na sani tsufa. Ya matsa kusa da waya yana murmushi don takwaransa ya ga fuskar kakansa sosai.

Ina goge masa sauran kumfa sai hoton ya tsaya cak, jariri baki buɗe. Mama ta girgiza wayar. Masu waya suka zaro nasu, kowa ya ɗaga sama. Sunday ya leƙa ta taga ya ce fitilar ta koma ja.

Sai wuri ya kaure. "Ai dama! Baba ya faɗa! Baba ya faɗa!" Har da masu tafi. Daga baya muka ji akwatin unguwar Trikania ma ranar ya ɗauke. Wasu suka ce gwajin ne ya ƙare, wasu suka ce wani ne bai sa hannu a wani wuri ba, kuma har yau ba wanda ya zo ya yi mana bayani.

Baba bai yi tafi ba. Yana zaune da tawul ɗina a wuya, yana kallon baƙin gilashin wayar. Ya kai hannu zai shafa gemu, hannun ya sauka a ƙirji.

Ya ce a hankali, "Yau ɗaya dai, da ma sun ƙaryata ni."

Taro ya watse daga gindin mangwaro, Baba ya dawo bencina. Gemu ya fara tsirowa, yana zagin gwamnati kamar da, sai dai ba ya zuwa da wuri. Mama Comfort ta ce kullum da safe sai ya kori kaji, ya goge farantin nan da hankicinsa, ya juya shi saitin rana, ya shiga ɗaki ya ɗaga zanin kan kabad ya duba.

Jiya da zai tashi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ezekiel, rezar nan taka, kar ka bari ta yi tsatsa."