Yadda Aka Ƙarar da Gaisuwar Sajan Karimu

"A'a, Sajan, ba haka ba! Mu sake daga farko."

Irene ta gyara rigar aikinta ta asibiti, ta koma bayan teburin cin abinci ta zauna, ta haɗe rai kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Yau ita ce likita. Maƙwabcinta Sajan Karimu shi ne majiyyaci, yana zaune a kujerar falonsa da filo biyu a baya, numfashinsa na fita da ƙyar.

"To, bawan Allah, ya jiki?"

"Alhamdu lillahi, da sauƙi sosai."

"Wayyo ni Irene!" Ta dafe kai da hannu biyu. Matar Sajan, Wahida, da ke kicin ta tuntsire da dariya har ludayi ya suɓuce mata.

Wannan "da sauƙi" ɗin ita ta jefa su cikin halin da suke ciki. Karimu haifaffen zangon Kumasi ne a ƙasar Ghana. Da ya zo Amurka sai ya shiga soja, aka tura shi Iraƙi yana tuƙa tankar mai, a wani sansani da ake ƙona shara ba dare ba rana. Ya dawo da tari da ciwon baya, ya yi ta lallaɓawa yana tuƙin tasi, har jikin ya ce ya isa haka. Da ya nemi haƙƙinsa na tsohon soja, aka ce ya je likita ya duba shi. To, ka ji abin da bawan Allahn nan ya yi! Ya sha maganin kashe ciwo tun da asuba, ya sa shaddarsa ta Sallah, ya fesa turare, ya bar sandarsa a mota don kada a ce ya zo neman tausayi. Da ya shiga ya ga likitan dattijo ne mai furfura, sai ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi, ya kuma miƙe da kansa yana murmushi, alhali idonsa har duhu-duhu yake gani. Likita ya rubuta cewa mutumin nan garau yake, ɗan tarin da yake yi ba shi da alaƙa da aikin soja.

Irene ta daɗe tana aikin jinya, ta san irin wannan numfashin, kuma ba ta yaudari kanta ba. Sajan ba zai yi nisa ba. In aka yarda ciwon ƙirjin nan a bakin aiki ya samo shi, Wahida za ta ci gaba da samun tallafi bayansa, ta zauna a ɗakinta a nan unguwarsu ta Lanham. In ba a yarda ba, aikin rainon tsofaffi da take yi ba zai riƙe mata haya ba, ga shi ba ɗa ba jika, ba kowa nata a ƙasar nan. Shi ya sa Irene ta tsaya tsayin daka aka ƙalubalanci rahoton, aka yi ta kai da kawo har aka yarda wani likita ya sake duba shi. Ranar ta matso, ga shi majiyyaci ya ƙi koyon karatunsa.

"Sajan, ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji ta. "Me zai sa ka ɓoye wa likita ciwonka?"

"Sista, wallahi ni ban ɓoye masa komai ba."

"Ka ce masa lafiyarka ƙalau!"

"To ai gaisawa muke yi." Ya buɗe hannuwa, yana mamakin yadda ba ta gane ba. "Ya ce ya nake, na ce lafiya. Na tambayi iyalinsa, ya ce suna nan. Na tambayi aiki. Ina jira ya gyara zama ya ce mini, to, me ke tafe da kai, sai kawai na ga ya miƙe ya buɗe mini ƙofa. Haba Sista, daga shiga wurin babban mutum sai in fara masa da kuka? Wa ya haife ni?"

Irene ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta tuna babanta a Kafanchan, wanda in ya zo faɗin mutuwa ma sai ya tambayi lafiyar kowa har da awaki, ya sha ruwa, sannan ya sauke abin da ya kawo. Ashe Sajan bai yi ƙarya ba, lokacin likitan ne ya ƙare shi kuwa yana tsakiyar gaisuwa.

"Wahida!" ta ƙwala kira. "Fito, na samo maganin mijinki."

Ranar da za su tafi, mijin Irene, Chuwang, ya ɗauki hutu a wurin aiki ya fito da babbar motarsa. An hana Sajan maganin kashe ciwo, an ɓoye shaddar, an danƙa masa sandarsa a hannu. Ya fito cikin tsohuwar rigar sanyi yana ƙunƙuni, wai an mayar da shi abin kallo a unguwa. Tun kafin mota ta bar wurin fakin Irene ta juyo daga gaba.

"Sajan, ina kwana?"

"Lafiya lau, Sista."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya iyali? Ya sanyi? Ya muka ji da hidima?"

Ya amsa duka, ɗaya bayan ɗaya, har da mayar mata da nata. Tana gamawa Chuwang ya karɓa. Ya tambayi mutanen Kumasi, ya tambayi limamin masallacinsu, ya tambayi tsohuwar tasin da aka sayar tun bara. Wahida da ta kwana ɗaki ɗaya da shi ita ma ta rusuna a kujerar baya ta ce, "Maigida, an tashi lafiya?" Suka hau babban titi, suka tarar da cunkoso, motoci sun tsaya cak, gaisuwa kuwa ba ta tsaya ba. Da ta ƙare sai a koma farko. Chuwang har ya gaishe shi da yarensa na Berom, Sajan ya amsa da "lafiya lau" ba tare da ya san me aka ce ba.

"Ya kwanan hularka, Sajan?" in ji Chuwang, yana kallon hanya bai ko yi murmushi ba.

"Wai ku lafiyarku kuwa?"

"Mu lafiya lau muke. Kai fa, ya jiki?"

"Da sauƙi," in ji shi, amma muryar ta fara sanyi.

A ɗakin jira aka ɗora daga inda aka tsaya. Kujerar roba ce mai tauri, ga tafiya ta jijjiga shi, ga babu magani a jikinsa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Zuciyar Irene ta karye, tausayi ya kama ta har ta ji kamar ta ce a bari haka. Ta dubi Wahida, ta cije, ta sake matsowa.

"Sajan, ina gajiya?"

"Akwai ta!" Ya buga sanda a ƙasa. "Akwai gajiya, Sista! Bayana kamar zai rabe biyu, ƙirjina kamar an zuba barkono, ku kuma kun ishe ni! Don girman Allah ku ƙyale ni in ji da abin da ke damuna!"

"Ya iso!" in ji Chuwang, ya miƙe yana tafi. Wani tsohon soja Bature mai hular yaƙin Biyetnam da ke gefe bai san hawa ba bai san sauka ba, shi ma ya kama tafi. Irene ta miƙa wa Sajan ruwa ya sha, ta gyara zama a gabansa ta dube shi ido cikin ido.

"To, Sajan Karimu, an gaisa. Me ke tafe da kai?"

Kafin ya amsa aka kira sunansa. Ya tashi da ƙyar, ya dafa kafaɗar matarsa suka shiga.

Sun daɗe a ciki ƙwarai. Da suka fito, Sajan sai fara'a yake kamar wanda ya sauke kaya, Wahida kuwa idanunta sun yi ja. Ta ja Irene gefe, ta kira ta da sunan 'yarta kamar yadda ta saba. "Maman Abby, likitar yarinya ce, tana buɗe baki ya ce mata an riga an gaisa a waje. Ya faɗa mata komai. Ashe zaman da yake yi a kujera har gari ya waye ba ƙwallo yake kallo ba, in ya kwanta ne numfashi ke ƙwace masa. Ashe tun yana can yake tofar da baƙin abu. Ni da nake matarsa sai yau na ji." Ta share ido, sai kuma dariya ta ƙwace mata. "Da za mu fito fa sai da ya juya ya tambaye ta ya iyali."

Amsa ta zo da bazara, lokacin da itatuwan unguwar suka yi fure. An yarda ciwon ƙirjin na bakin aiki ne. Kai, ranar an sha shagali! Wahida ta dafa wake da shinkafa irin na Kumasi da baƙin yaji, Irene ta kawo gwate, faten acca irin na gidansu, aka buɗe ƙofofin gidajen biyu abinci na ratsa baranda. Sajan ya sa shaddar da aka ɓoye masa, ya zauna a tsakiya yana ba kowa labari, kuma a bakinsa dabarar tasa ce tun farko. Wani sabon hali ma ya ɗauka. Duk wanda ya ce masa ya jiki, sai ya ce, "Zauna tukuna," ya lissafa masa tun daga wuya har idon sawu. Chuwang ya ce su suka jawo wa kansu, yanzu in ya hango shi a baranda ta bayan gida yake zagayawa.

Sajan bai ga ƙarshen zafin shekarar ba. Wata Juma'a bayan la'asar Wahida ta ƙwanƙwasa wa Irene ƙofa, ta kama hannunta ta ja ta zuwa falonsu. Sajan yana zaune a kujerarsa, carbi a cinya, taga a buɗe, kansa ya ɗan karkata. Irene ta taɓa wuyansa ta daɗe, duk da ta riga ta sani. Ta rungume Wahida suka yi kuka mai isarsu. Likitan da ya rubuta takardar rasuwa ya ce ƙirjin ne.

An yi jana'iza da jama'a. Mutanen zango sun zo daga ko'ina, 'yan cocin su Irene suka tsaya daga baya da kawunansu a rufe, wasu sojoji biyu suka naɗe tuta suka miƙa wa Wahida. Masu zaman makoki suka yi ta tambayarta a hankali ko za ta koma gida Ghana, ko za ta nemi ƙaramin ɗaki. Ta ce musu tana nan inda ya bar ta.

Bayan an watse da 'yan kwanaki, Irene ta dawo daga aiki da hantsi ta tarar da Wahida a bakin ƙofa cikin mayafin takaba, riƙe da hoton Sajan sanye da kakinsa.

"Maman Abby, kuna da guduma?"

Irene ta ɗauko ta Chuwang. Suka shiga falon, Wahida ta zaɓi bangon da ke kallon taga, ta hau kujera ta saita ƙusa. Irene ta riƙe mata ƙafar kujerar, ita kuma ta shiga bugawa a hankali, har ƙusar ta zauna daram.