Faifai Huɗu a Akwatin Malam Ubale

Ɗan acaɓan bai gama tsayawa ba Safara'u ta diro, ta nufi gidansu da ke bayan tsohon ramin kuza na Riruwai. Tun safe take kan hanya, daga Kano zuwa Tudun Wada a bas, daga nan a bayan akori-kura har Doguwa.

Ranar Litinin wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona kwamfuta ɗaya tilo ta sashensu a jami'a, da aikinta na shekara uku a ciki. Malamin da zai zo jarraba ta ran Juma'a zai iso, kuma an gaya mata ba ƙarin lokaci. Abin da ya rage mata a duniya faifai huɗu ne na kwamfuta, irin na da da ake kira fulofi, da ta kwafe aikin a kai, ta bar wa mahaifinta Malam Ubale ajiya da Babbar Sallah.

Ta sami Malam Ubale a zaure yana tankaɗe baƙin yashi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya tambayi hanya, ya tambayi malamanta ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa idonta na kan ƙofar ɗakinsa.

Shi kaɗai ne a gidan ya taɓa fahimtar aikin. Ta taɓa yi masa bayani cewa furotin da ke jikin mutum kamar dogon carbi yake, a kan wasu 'ya'yan carbin ne wani sinadari ke maƙalewa ya kunna shi ko ya kashe shi. In abin ya rikice, sai irin ciwon dajin da ya ɗauke Inna. Guntayen furotin sama da dubu biyu ta shigar da hannunta daga mujallun kimiyya, don kwamfuta ta koyi cankar wurin. A ranar ya ce ashe sana'arsu ɗaya, sanin inda kuza take kafin a sa diga.

"Baba, ajiyata na zo karɓa."

"Tana nan lafiya lau, uwata. Ke da kika ce kada ruwa, kada rana, kada ɓera."

Ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya ciro mabuɗi daga wuyansa. Yana buɗewa yana ba ta labarin yadda damina ta yi musu yoyo, ya kwashe faifan daga jakar fata ya mayar da su inda yake ɓoye abin da ya fi ji da shi.

Ta leƙa. A ƙasan akwatin ga ƙaton maganaɗisun da yake janye ƙarfe daga cikin kuza da shi, mai girman faranti. Faifan huɗu suna manne a jikinsa.

Ruwa ta faɗa masa, da rana, da ɓera. Maganaɗisu ne ba ta faɗa ba, shi kuwa goge duk abin da ke kan irin wannan faifai yake. Wata biyar ke nan, ta san ko harafi ɗaya bai tsira ba.

"Kin ga har riƙe su yake, ko motsi ba sa yi," in ji shi, yana murmushi. "In injin ya nuna miki inda ciwon Innarki ya soma, ki aiko a gaya mini. Ina so in sani kafin in bi ta."

Safara'u ta dubi hannuwansa da yashi ya tsattsage.

"To, Baba. Allah ya saka da alheri."

Ta ɓamɓare uku. Na huɗun ya ƙi, sai da ya riƙe mata maganaɗisun ta ja da hannu biyu.