Rigunan Mawaƙa Goma Sha Huɗu

Saura kwana takwas Kirsimeti aka sallamo ni daga asibiti da ɗinki a ciki, ni da na shekara ashirin ina yi wa mutane ɗinki. Likita ya ce kada ƙafata ta taka keken ɗinki sai bayan mako shida. Na ce masa to, amma hankalina yana kan rigunan mawaƙan cocinmu guda goma sha huɗu da na yanka na jibge a kan tebur, ko hannu ɗaya ban haɗa ba. Ranar Kirsimeti za su sa su, kuma ban taɓa saɓa alkawarin ɗinki ba.

Maigidana ya shimfiɗa mini katifa a falo. Daga nan nake harar yadin, in tari ya zo in danne ciki da filo.

Washegari sai ga Mai Sauri, telar da gidanta da shagonta ke tsallaken titi. Ni na laƙaba mata sunan, kuma ba don yabo ba. Kafin ruwan shayi ya tafasa ta gama riga, ta danne kalmasa da keke ta wuce. Ni kuwa da hannu nake kalmasa, ba a ganin zare ta waje, kuma duk wanda ya zauna a shagona ya ji ra'ayina a kan aikinta.

"Sannu da jiki, Yaya. Waɗannan ne na mawaƙan?"

"Bar su, zan lallaɓa."

"Ki lallaɓa ki farke aikin likita? Shi ma fa tela ne, ki girmama ɗinkinsa."

Dariya ta kama ni, na sha azabarta. Kafin in huce ta tattare yadin ta fice. Kwana shida ina saƙa da warwara, ina ganin sunana ya gama zubewa.

Ana gobe Kirsimeti ta dawo da su a goge, ta shiga kicin gaida maigidana. Na juya ta farko ciki waje, ina neman aibi kamar mai tsince shinkafa. Kalmasar hannu ce, irin tawa sak, ƙanana a jere. Na duba ta biyu, na duba ta goma sha huɗu. Na san awa nawa kowace take ci, a makon da tela ba ya ɗaga kai. Da ta fito na ga filasta a yatsunta biyu. Daga baya maigidana ya gaya mini mutum uku ta mayar wa yadinsu don ta samu lokaci. Kunya ta rufe ni, kuma wallahi matar ta burge ni.

Ranar Kirsimeti, bayan sujada a coci, mawaƙan suka zo su duba ni su yi mini waƙa, falo ya cika da shuɗin yadi.

"Mama, hannunki ba ya ɓuya!" in ji shugabarsu. "Maƙwabciyarki ta ce kina kwance kika ɗinka, ita guga kawai ta yi."

Murmushi kaɗai ya isa in riƙe sunana. In kuwa na buɗe baki, na san rabinsu can za su kai ɗinkin baɗi.

"Ko allura ban zura wa zare ba," na ce. "Ku tsallaka titi. Waƙar da kuka kawo mini, a ƙofarta za ku yi ta."

Na sa maigidana ya buɗe taga don in ji.