Azara Uku

Da hannu suke tonon ƙasar, don Mailafiya magini ya hana a sa fartanya, kada a sari wadda ake nema. 'Yardada na tsaye a tsakar gidan da ta ba da haya, ruwa na bin zanenta, ba ta ko nemi wurin fakewa ba. Kwana uku ke nan ana malka a Kano. Da hantsin nan rufin ɗakin kudu ya rufta, Baraka matar ɗan haya na ciki tana kaɗin zare.

Gidan na marigayi mijin 'Yardada ne, a Madabo. Da jirgin ƙasa ya iso, birni ya cika da baƙi masu neman wurin sa haƙarƙari, sai ta koma wurin 'yarta a maƙwabta, ta ba Yero gidan. Bafillace ne, ciwo ya share masa garke, ya shigo birni yana dillancin awaki. Shi da matarsa Baraka a bukka suka tashi, ina suka san halin soro? Kullum Baraka sai ta share wani lallausan gari da ke zubowa daga rufi, har ta taɓa tsokanar tsohuwar: "Inna, ɗakin nan naki niƙa yake yi, ba ya gajiya."

'Yardada ta yi dariya ranar, alhali ta san gara ce mai niƙan.

Tun da bazara Mailafiya ya ƙwanƙwasa azarorin da ke ɗauke da rufin, ya ce, "Uku sun mutu, Baba. A canja su kafin ƙasa ta sha ruwa ta yi nauyi." Ba ta yi gardama ba, ta sayi sababbi uku, jajaye, masu ƙarfi. Ana jiran magini ya sami hali sai liman ya yi cigiyar mai taimako, rufin masallacin unguwa na yoyo. Ta aika da su sadaka, Allah ya kai ladan kabarin mijinta. Unguwa ta yi ta sa mata albarka, ita kuwa kanta ya yi girma, ba a musu. Ta ce a ranta, ɗakin da ya shekara talatin a tsaye ai zai kai kaka.

"Ga ta nan," in ji wani cikin masu tonon.

Suka ɗago azarar da ta danne ta, ta karye a hannunsu kamar kara. Mailafiya ya durƙusa, ya jima, sannan ya ja mayafi ya rufe mata fuska. Mata suka ɗauki salati. Yero bai yi kuka ba, irinsu ba sa yi a gaban mutane. Ya dai tsuguna yana share mata ƙasa daga tafin ƙafa.

Bayan azahar mai unguwa Ado ya zo. Yanzu zamanin Nasara ne, mutuwa irin wannan sai an kai labarinta sama. Ya zauna a zaure, ya sa aka kira 'Yardada da ɗan haya da magini.

"Ɗakin ya nuna wata alama?"

Mailafiya ya sunkuyar da kai. Ba zai tona tsohuwar da ta yi goyon uwarsa ba, 'Yardada ta sani. Shiru kawai za ta yi, magana ta mutu.

Sai Yero ya yi gyaran murya. "Malam, wataƙila laifina ne. Fatu huɗu na rataya a rufin, ɗanyu, da nauyi. Ban san ba a yi ba." Ya juyo wajenta, idonsa a ƙasa. "Inna, ki yafe, mun rushe miki ɗaki."

Baƙin cikin da ta danne tun hantsi ya taso mata, har da kunya.

"Ba fatu ba ne, ɗana. Gara ce. An gaya mini tun bazara. Na sayi azara, na ba masallaci, na bar ku a ƙarƙashin ruɓaɓɓu. Na sani, ban gaya muku ba."

Mai unguwa ya gyara rawani. "Baba, ruɗewa ce. Wa zai kai ƙarar sadaka? Ruwa ya yi yawa, ajali ya zo. Haka zan faɗa."

"Ka tambayi Mailafiya!"

Mailafiya ya kau da kai, yana kallon ƙofa.

Ta rarrafa gaban Yero, tsohuwa da furfura, ta kama bakin rigarsa. "Kai ka ji ni. Ka kai ni gaban alƙali, ko ka zage ni, ko me."

A hankali Yero ya zare rigarsa daga hannunta.

"Inna, kada ki ƙara faɗa mini. Ki bar ni da ƙaddara, ita nake iya ɗauka."

Ya tashi ya fita, don an ce an gama wanka, ana jiransa a ɗauki gawa.